Wasan Haɗa Haruffa da Koyar da Kalmomin Ingilishi a Firamare

Jawabin da wani malamin aji biyar ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na reshenmu

 

An umarce ni in yi bayani a kan wasan haɗa haruffa da nake yi da 'yan ajina kowace ranar Alhamis. Abin da ya kai ni ga wannan wasa ciwo ne da kowa a nan ya san shi. Za ka rubuta kalmomin Ingilishi ashirin a allo ranar Litinin, yaro ya haddace su, ranar Juma'a ya rubuta su daidai a shifta, ka ba shi maki cikakke. Ka tambaye shi ma'anar guda ɗaya, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin riga. Wannan yaron kuwa da Ingilishi zai zauna jarrabawar shiga sakandare, wadda ke da sashe guda na gwada basirar sarrafa kalmomi.

Wasan da na kwaikwaya shi ne Scrabble. Wani mai zanen gine-gine a Amurka, Alfred Butts, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye ya rasa aikin yi, a 1948 kuma aka raɗa masa sunan da muka sani. Allon wasan yana da gida 225, haruffan da ake jerawa a kai kuma guda 100 ne. Kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai, ya haɗa kalma da su a jikin wadda aka riga aka ajiye. Hikimar Butts ita ce ya zauna ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a shafukan jarida kafin ya yanka masa daraja. Harafin E, da ya fi kowane yawa a Ingilishi, guda 12 ne a jaka, makinsa 1 kacal. Q da Z ɗaiɗai ne, kowanne maki 10. K ma ɗaya ne tilo, makinsa 5. Da na faɗa wa yara haka sai suka yi dariya, domin a Hausa K ya fi ruwan dare: kaka, koko, kuka, kaki. Daga wannan dariya suka fahimci cewa kowane harshe da irin awonsa, abin da na yi shekaru ina bayani bai shiga ba.

Ba baƙon wasa ba ne a ƙasarmu. A watan Nuwamba na 2015 Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya lashe gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, inda ya doke Baturen Ingila Lewis Mackay a wasan ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci wannan kambi. An kuma san 'yan wasan Nijeriya da fifita gajerun kalmomi a kan dogaye, abin da ya dace da mu ƙwarai, tunda gajerun ne abincin ɗan firamare.

To amma akwai wani labari na shekarar nan ta 2015 da ya kamata malami ya riƙe. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Scrabble a harshen Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace cikin kimanin mako tara, ya je ya kayar da masu harshen, sai da aka nemo masa tafinta kafin ya gode wa jama'a. A fagen gasa wannan bajinta ce, ba mai musu. A aji kuwa shi ne yaron nan nawa na ranar Juma'a, ya girma ya zama gwani. Dokar Scrabble ba ta tambayar ma'ana. In kalma tana cikin ƙamus, an ba ka makinka. Idan muka ɗauko wasan yadda yake muka shigar da shi aji, mun ƙara wa cutar ƙarfi ne da sunan magani.

Saboda haka na ƙara doka ɗaya. Ba a rubuta maki sai mai kalma ya faɗi ma'anarta da Hausa, sannan ya saka ta a jimlar Ingilishi. In ya kāsa, ƙungiyar da ke karawa da su ta faɗa ta kwashe makin. In kalma tana da ma'ana biyu kuma ya kawo duka, a ninka masa.

Dokar ninkin nan ita ta fi haifar da alheri. Wata yarinya ta ajiye bark ta ce haushin kare, wani yaro ya yi tsalle ya ce ƙarya ne, ɓawon itace ne, a darasin kimiyya ya gani. Suka yi ta gardama har aka buɗe ƙamus, kowa ya tarar da gaskiyarsa. Tun daga ranar suka shiga farauta da kansu: well rijiya ce kuma lafiya ce, bank ma'ajiyar kuɗi ce kuma gaɓar kogi, light haske ne kuma rashin nauyi, bat jemage ne kuma sandar buga ƙwallo. Akwai kuma juya haruffa. Da S, T, O, P yaro zai fitar da stop, spot, post, pots da tops, ma'ana biyar daga harafi huɗu. A nan ne kuma matsalarmu ta P da F ke fitowa fili. Wanda ya ajiye fan ya ce kwanon suya, abokansa za su gyara masa kafin in buɗe baki: fan fanka ce ko mafici, pan ne kwanon. Gyaran tsara ya fi na malami zama a kai.

Ni ma wasan bai bar ni ba. Wani ɗan ƙaramin yaro da ba ya cika magana ya ajiye ewe. Na ce masa babu wannan kalma, ya ɗauke. Ya ce, «Malam, tunkiya ce.» Na buɗe ƙamus a gaban aji, tunkiya ce kuwa. Na ba shi makinsa na ba shi haƙuri. Shekara ashirin ina koyarwa, sheep da ram kawai nake juyawa.

Harafin Q yakan tsorata yara domin sun saba sai da U a bayansa. Sai na nuna musu cewa jerin kalmomin Collins, wanda ake gasa da shi a ƙasarmu, ya amince da qadi, da qibla, da faqir. Na tambaye su ko sun taɓa jin su. Ba a daɗe ba suka gano alƙali, alƙibla da faƙiri. Daga Larabci Ingilishi ya aro, kamar yadda muka aro. Muka juya ta ɗaya gefen kuma, suka bi sawun bokiti zuwa bucket, tebur zuwa table, burodi zuwa bread, tocila zuwa torchlight. Yaron da ya ɗauka bai san Ingilishi ko kaɗan ba sai ya tarar da shi a madafar gidansu. Akwai kalmomin da na hana, irin su xu, ƙaramin kuɗin Biyetnam, da aa, wani nau'in dutsen aman wuta. Halal ne a gasa, amma ɗan aji biyar ba shi da inda zai kai su.

Wani zai ce ina kuɗin sayen allon, ga yara sun haura tamanin a aji. Ban sayi ko ɗaya ba. Marafan kwalbar lemo yara suka tsinto, muka liƙa takarda muka rubuta harafi da makinsa, allon kuma a bayan kwali muka zana. Na raba su ƙungiya takwas, kowace da marubuci da mai riƙon ƙamus. Ba zan ɓoye muku ba, ajin yakan yi hayaniya, har maƙwabciyata ta aji huɗu ta taɓa leƙowa ta ga ko faɗa ake yi. Minti talatin da biyar ma ba ya isa, sau da yawa mukan ci lokacin tara.

Abin da ya gagare ni shi ne ƙamus. Guda biyu gare mu, ɗaya nawa ne na kwaleji, bangonsa ya rabu da shi, shafukan harafin A sun zube. Ƙungiya takwas na jiran littafi biyu, rabin lokacin a jira yake tafiya. Roƙona ga shugabannin reshe shi ne a sa batun ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa cikin abubuwan da za a kai gaban hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin iyayen yara, ko da biyar-biyar ne ga kowane aji na huɗu zuwa shida. In hakan ta samu, ina ba da shawarar mu shirya gasa tsakanin makarantun reshen nan a zango na uku, da sharaɗin dokar ma'ana ta zauna daram.

Na zo da jakar marafan da kwalin, suna kan teburin baya. Duk mai son gwadawa bayan an tashi, bismillah, amma ya zo da shirin faɗin ma'ana.