Jawabin ofishin magatakarda: kafin a rufe ƙofar kwantena



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, ƴan uwa direbobi da ƴan dako, da baƙinmu da suka taso daga Galmi, Madawa, Ƙonni da Kumasi, muna yi muku barka da wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Shugabanni sun ba mu ƴan mintoci mu yi magana a kan tambayar da ta fi kowace yawan shigowa ofis a bana: shin lokaci bai yi ba da mu ma za mu riƙa loda kaya a jirgin ruwa zuwa Turai da Amurka? Masu tambayar suna da hujja. Hanyar mota ta yi wuya. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kowa ya san yadda motoci ke kwana a Burkina suna jiran rakiyar soja, albasa tana zufa cikin buhu. Ga kuma tashar Tema a kusa da mu. Mun zauna da masu aikin tasha da ejan-ejan da ke fitar da kaya, ga abin da muka tattaro.

Kai abinci ta teku tsohuwar sana'a ce. A 1882 wani jirgi mai suna Dunedin ya ɗauko naman tumaki daskararre daga New Zealand zuwa Landan, ya yi sama da wata uku a ruwa, naman ya isa lafiya aka sayar. Yau kwantena mai injin sanyi ake amfani da ita, wadda mutanenmu na Nijar ke kira frigo. Mai ƙafa 40 tana ɗaukar tan ashirin da wani abu, kuma daga Tema zuwa tashoshin Turai mako biyu ne zuwa uku.

Abin da muke so kowa ya tafi da shi gida shi ne: an yi injin kwantena don ya riƙe sanyin da kaya ya shigo da shi. Ba a yi shi don ya cire zafin gona ba. Wanda ya ɗauko kaya daga rana tsaka ya cusa ya rufe, na gefe zai yi sanyi, na tsakiya zai dahu a hankali. Iskar sanyi daga ƙasa take fitowa, ta cikin ramukan daɓen kwantenar, ta ratsa kaya ta koma ta sama. Shi ya sa akwai jan layi a bango kusa da rufi. Mu da muka saba yi wa mota tozo, mu ɗaure da igiya, dole mu bar wannan hali a nan. Kwali ɗaya da ya wuce jan layi ya toshe hanyar iska yana iya jawo asarar lodi duka.

Kuma kowane kaya da sanyinsa. Kifi da kaji daskararru suna son digiri 18 ƙasa da sifiri ko abin da ya fi haka sanyi, a rufe kafar iska ruf. Ɗanyen kaya kuwa rai gare shi, numfashi yake, sai an buɗe masa kafar iska. Ayaba tana tafiya a digiri 13 zuwa 14. Doya tana son wajen digiri 15 zuwa 16, in sanyi ya yi ƙasa da 12 sai cikinta ya canza launi ya yi laushi, alhali bayanta lafiya lau. Albasa ba ta tsoron sanyi, danshi take tsoro. Don haka mai cewa a haɗa doya da albasa da mangwaro a kwantena ɗaya don a raba kuɗin jirgi, ya sani cewa maɓallin injin ɗaya ne, lamba ɗaya za a sa masa.

Bari mu tsaya a kan albasa, tunda ita ce abincin yawancinmu. Kun sha ganin albasar Holan a kasuwannin Abijan da Dakar. Ta teku take zuwa, ta fi tamu nisan tafiya, amma ta iso tsaf. Ba ta fi ta Galmi daɗi ba, duk mai miya ya san haka. Sirrin yana wajen busarwa. Suna busar da ita har wuyanta ya rufe, su tace ta girma-girma, su zuba a buhun raga na kilo 25 da iska ke ratsawa. Mu kuwa ana yanke lawashi kusa da kai, wani lokaci kwana kaɗan bayan ban ruwa na ƙarshe, a danna manya da ƙanana a buhun da ya haura kilo 100, mutum biyu su jefa shi mota. Wannan buhu da ƙyar yake kai Akra, balle ya yi mako uku a rufe. A ganinmu albasarmu ba ta shirya wa teku ba tukuna, kuma gyaran daga gona da rudu zai fara. Gyaran nan ko ba a shiga jirgi ba zai rage mana abin da muke zubarwa a Adjen Kotoku.

Doya ta fi kusa. Gana ta daɗe tana kai doya Ingila da Amurka, inda ƴan Afirka ta Yamma ke saye, kuma hanyar sananniya ce: a zaɓi wadda fartanya ba ta taɓa ba, a bar ta ta sha iska fatarta ta warke, a naɗe kowace da takarda, a jera a kwali na kilo 20 zuwa 25. Pona ce aka fi nema, ita ce kuma ta fi saurin lalacewa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi bikin tura tan 72 na doya a Yunin 2017, daga baya jaridu suka ba da labarin cewa wani kaso ya isa a ruɓe bayan daɗewa a hanya. Gwamnati ce ta ƙaddamar da wancan lodi.

Sai takardu. Ɗanyen kaya ba ya shiga Turai sai da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ma'aikatar noma. Kada a ɗauke ta kamar takardun hanya da ake sasantawa a shinge. Daga Oktoban 2015 har ƙarshen 2017 Tarayyar Turai ta hana shigar da barkono da gauta da wasu kayan lambu uku daga Gana saboda ƙwari. A 2015 ɗin ta hana waken Najeriya saboda maganin ƙwari da ya yi yawa a ciki. Laifin mutum kaɗan ne, amma ƙasa duka aka rufe wa ƙofa. Masu mangwaro na Mali da Burkina da ke bi ta Abijan sun san cewa in aka ga tsutsar ƙuda a lodi, lalata shi ake yi, kuma mai kaya ke biyan kuɗin lalatawar.

Kuɗin da ke karya mutum a tasha shi ne na jira. Kwantena mai sanyi tana cin wuta dare da rana, ana lissafa kuɗin jona ta kullum, kwanakin alfarma da kamfanin jirgi ke bayarwa kaɗan ne, bayansu kuɗin jinkiri ya hau, da kuɗin waje ake lissafa shi. Kuskuren harafi ɗaya a takardar lodi yana iya cin kwanaki.

Hajiyoyinmu masu sarin kaji da kifi daga ɗakunan sanyi na Tema zuwa arewa, wannan magana ta shafe ku ta ɗaya gefen. Kayan ya ƙetare teku lafiya, a hanyarmu yake lalacewa, lokacin da aka kashe janareta da dare don a rage shan mai. In kuka ga kwali ya yi laushi, ko ƙanƙara mai launin jini ta taru a gindin leda, kayan ya narke an sake daskarar da shi. Ƴan uwa direbobi, ba zargin kowa muke ba, mun san wani lokaci kuɗin man da ake ba ku ne bai kai ba. Akwai ƴar na'ura da ake sawa cikin kaya tana rubuta sanyin tafiya duka, kuɗinta bai kai na kwali ɗaya ba, kuma tana raba gardama tsakanin mai kaya da mai mota.

Shawarar da ofis ya miƙa wa shugabanni ita ce a fara da kwantena ɗaya ta doya a kaka mai zuwa, ta haɗin gwiwa, kowa ya sa abin da in ya tafi ba zai rufe shago ba. Ba za a loda ba sai an sami mai saye da ya sa hannu ya biya wani kaso tun kafin jirgi ya tashi, an yi wa kayan inshora, kuma mutum biyu daga cikinmu sun tsaya a wurin lodi har a sa hatimi a ƙofa. Mai son shiga ya zo ofis ya rubuta suna da adadin kwalin da zai iya, daga ranar Litinin bayan azahar.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mana hanya. Wassalamu alaikum.