Jawabi Kan Tsohuwar Sakatariyar Marina Da Zaurukanmu Na Agege

 

Da yawanmu mun sha wucewa ta Marina a cikin Ikko, kowa hankalinsa na kan banki ko kasuwar Balogun, ba mai ɗaga kai ya dubi tsohuwar Sakatariya. Ginin jan bulo ne mai hasumiya biyu. An gina shi a 1906, shekarar da Turawa suka haɗe Legas da Kudancin Nijeriya a ƙarƙashin Gwamna Egerton. Shekara takwas bayan haka, a 1914, Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa.

To, abin da nake so ku lura da shi shi ne dabarar ginin. Bango mai kauri, rufi can sama, tagogi manya, ga baranda ta tare rana kafin ta taɓa ɗakin da akawu yake zaune. Iskar ruwa ta shigo ta nan ta fita ta can. Ba iyakwandishan aka gina shi dominsa ba. Duk wanda ya taɓa zama a soron ƙasa a Kano ko Zariya da tsakar bazara ya san wannan sanyin, don maginanmu sun daɗe da sanin amfanin kaurin bango. Yanzu fa? A jera gilashi tun daga ƙasa har sama, in aka ɗauke wuta kowa ya fito waje yana fifita.

Kada wani ya ce ai irin waɗannan gine-gine hukuma na tsaronsu. Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, gini irin na mutanen da suka dawo daga Barazil, tun 1956 yake cikin kayan tarihin ƙasa. A watan Satumba na 2016 aka sa katafila aka baje shi. Takardar ba ta tare komai ba.

Wannan ya kawo ni gida. Mu ma muna da ofisoshinmu na da, sai dai mu zaure muke ce musu. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, goro ya zaunar da kakanninmu a Agege. A zauren maigida ake saukar da fatake, a nan ake ciniki, a ƙidaya huhu, a rubuta bashi da ajami, a raba gardama. Yau maigida na rasuwa, magada sun raba, an rushe an tsaga shaguna. Ban ga laifinsu ba, kowa da buƙatarsa.

Roƙona ga ƙungiya, a naɗa mutum uku, dattijo ɗaya da samari biyu, su bi unguwa su ɗauki hoton zaurukan da suka rage, su rubuta wanda ya gina da shekarar da dattawa suka tuna. Wanda kuma zai sayar, ya fara sanar da mu kafin ya kira dillali. Kuɗin motar zagayen farko, ni na ɗauka.