Ƙorafin Kwamfaila Ba Tsegumi Ba Ne

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka ga batun.

Duk wanda ya taɓa duba aikin ɗaliban ajin ƙarshe a injiniyan lantarki ya san inda suke maƙalewa. Yaro ya haɗa wayoyinsa, ya rubuta shirinsa, sai ya iso wurin manunin fankshan, wato inda ake ajiye adireshin fankshan don a kira shi daga baya, irin wanda ake miƙa wa attachInterrupt. Nan kwamfaila take cijewa. Rigimata da wasunmu malamai a kan maganin da suke koya masa ne: a yi kast, a tilasta wa manunin nau'in da ake so, kwamfaila ta yi shiru, a wuce. Na sha faɗa a taron sashe cewa wannan kashe maciji ne ba a sare kansa ba, yau ma zan maimaita.

Ƙananan kurakuran kun san su. Wanda ya sa baka biyu bayan sunan fankshan kiran sa ya yi, bai miƙa adireshinsa ba. Wanda ya manta bakan da ke kewaye tauraro da sunan manuni, fankshan mai dawo da manuni ya ayyana. Wanda ya miƙa fankshan na cikin aji a C++ ya manta da ɓoyayyen manunin this da ke tafe da shi, sai dai ya mai da shi static. Waɗannan minti biyar sun ishe su.

Inda nake so mu tsaya shi ne saɓanin nau'i. Mu ɗauki ATmega328P da ke kan Arduino Uno. A wurinsa int bit 16 ne, long kuma bit 32. Idan avr-gcc zai miƙa wa fankshan lamba ta farko, int yana shiga rajista r24 da r25, long kuwa yana cin huɗu, daga r22 zuwa r25. To, ga fankshan da aka rubuta yana jiran long, ga manunin da aka ayyana da int, an ɗinke su da kast. Mai kira ya aika 5. Ya zuba 5 a r24, sifili a r25, bai taɓa r22 da r23 ba. Fankshan ya karanta rajista huɗun gaba ɗaya, biyar ɗin nan ta faɗa rabin sama, ta zama 327,680, a ƙara da duk tarkacen da lissafin baya ya bari a r22 da r23. Idan lambar nan tsawon jinkiri ce da milisakan, famfon da aka ce ya jira ƙiftawar ido zai jira fiye da minti biyar. Tarkacen kuma yana sauyawa daga kira zuwa kira, shi ya sa yaro zai rantse maka jiya ta yi aiki.

Wani zai ce ai ya gwada shirin a STM32 lafiya lau. Gaskiya ne, domin a Cortex-M ɗin da ke cikin STM32 int da long duk bit 32 ne, rajista ɗaya suke shiga. Sa'a ce ta fisshe shi. Ƙa'idar harshen C ta fayyace cewa kiran fankshan ta manunin da nau'insa bai dace ba abu ne da ba a lamunce sakamakonsa ba. Cortex-M ma da nasa tarkon: adireshin fankshan dole bit ɗinsa na ƙarshe ya zama 1, alamar Thumb. Ka ɗauko adireshin da bit ɗinsa na ƙarshe sifili ne ka yi masa kast ka kira, na'ura ta faɗa HardFault.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne manhajar Arduino tana harhaɗa shirin AVR da -fpermissive, tana kuma zuwa da gargaɗi a kashe. Saɓanin da ya kamata ya tsayar da yaro sai ya wuce ba ko tari, mu kuma ba mu ce masa ya kunna ba.

Ana cewa tsanani yana karya gwiwar ɗalibai, kuma tsofaffin laburare cike suke da irin wannan. Ban karɓi uzurin ba. Clang 16 a 2023 da GCC 14 a 2024 sun riga sun mai da wannan saɓani kuskure mai tsayar da aiki a C. Dokar 11.1 ta MISRA C:2012, wadda masu ƙera motoci suke bi, ta hana sauya manunin fankshan zuwa wani nau'i. Wanda muka yaye da kast a hannu, can zai je ya ji kunya da sunanmu.

Roƙona ga sashe bai sauya ba. A kunna -Wall da -Werror a kowace kwamfutar ɗakin gwaji. Kowane manunin fankshan a ba shi typedef, a riƙa amfani da uint16_t da uint32_t maimakon int da long. Duk aikin da aka samu kast a kan manunin fankshan ba tare da hujja a rubuce ba, a rage masa maki. Shugaban sashe, ina neman a sa wannan cikin ajandar zama mai zuwa.