Amsoshin Wasiƙunku: Mage da Rago Masu Cin Leda

Wasiƙu biyu muka ɗauko a wannan mako, kuma duk maganarsu ɗaya ce, wato leda.

Ta farko daga wani mai shagon hatsi ce a Getso, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo. Ya ce tun da ya ajiye mage a shagonsa ɓera bai sake huda masa buhu ba, to amma duk ledar da ta gani sai ta tauna, har kwanan baya ta yi kwana biyu tana amai. Ta biyu kuwa daga wata baiwar Allah ce a Garo, ƙaramar hukumar Kabo. Ragon da take turkawa don ta sayar da Babbar Sallah ya yi ta ramewa, ciki kuma a kumbure. Da aka gaji aka yanka shi, sai mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinsa. Dukkansu suna tambaya, shin akwai maganin da zai narkar da leda a cikin dabba?

To Alhaji, to Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Gaskiyar magana ita ce, babu. Ledar da ke shekara da shekaru a juji rana da ruwa ba su cinye ta ba, ai ba jiƙo ko ƙwaya ce za ta narkar da ita ba. Duk wanda ya tallata muku irin wannan magani a kasuwa, kuɗinku kawai yake so. Saboda haka rigakafi shi ne abin yi, kuma kafin a yi shi sai an san dalilin da ke kai dabba ga leda.

Mu fara da mage. Ita ƙamshi take bi. Ledar da aka ƙunso kifi, ko tsire, ko ƙosai, mai ya riga ya kama ta, mage kuwa hancinta ya fi namu nesa ba kusa ba. Tana lasa tana tauna, sai ta haɗiye. Ƙanana kuma wasa ke jan su, saboda ƙarar ledar da yadda iska ke kaɗa ta. Hanjin mage siriri ne, ɗan ƙyallen leda ya isa ya toshe shi.

Don haka Alhaji, ga shawarata. Ka samu bokiti ko garwa mai murfi, duk ledar da aka ci abinci a ciki a jefa ta can a rufe. Ledojin awo kuma ka sa su a akwati ko ka rataye su inda ba za ta kai ba. Sannan ka riƙa ba ta abinci da ruwa kullum. Wasu na cewa in mage ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba. Ba haka ba ne, farauta halinta ce, yunwar ce ma ke tura ta bola.

In ka ga tana ta amai, ta ƙi abinci, ba ta kashi, ta lafe wuri ɗaya, kada ka bari a kwana biyu, ka nemi malamin dabbobi. In ka ga leda ko zare ya leƙo ta bayanta, kada ka ja, domin kana iya yanka mata hanji. Kuma don Allah kada a ba mage farasitamol. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta.

Sai batun rago, wanda ya shafi akuya da saniya ma. Su ba sa tauna abinci sosai a karon farko, haɗiyewa suke yi, daga baya su yi tuƙa. Ciyawa takan dawo baki a sake tauna ta, leda kuwa sai ta zauna a tumbi, ta yau ta haɗu da ta jiya, su nannaɗe su cika wurin da abinci zai zauna. Shi ya sa za ki ga ciki ƙato, ƙashin baya a waje, gashi ya tashi, kashi ya ragu. An fi ganin haka da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare aka saki dabbobi suna yawo a bola da bayan kasuwa. Rashin gishiri a jiki shi ma yana sa dabba lasar duk abin da ta samu.

Hajiya, in za ki sake turka wani, ki ɗaure shi a wuri mai shara. Ki tanadi harawa da ƙowa tun da kaka, ki haɗa masa da dusa, ki ajiye masa dutsen lasa ko 'yar kanwa daidai misali. Dusar da ƙanzon da kike karɓowa daga maƙwabta ki riƙa tsince su da hannu, domin ta nan ma leda ke shiga. In kin ga alamun da na faɗa, kada ki yi masa ɗuren mai, yana iya bi ta huhu ya ƙara wata cutar. Likitan dabbobi na iya yin aiki ya buɗe tumbi ya kwashe ledar, kuma in an kai da wuri dabba takan tashi.

Jama'a, wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Ƙasar Ruwanda ta hana amfani da leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma mutuwar dabbobi na cikin abin da aka yi kuka da shi a can. Mu dai kafin hukuma ta yi nata, mu yi namu. Mai zuwa cefane ya riƙe jaka ko kwando. Mai sayen koko da fura ya tafi da kwanonsa. Wanda ya sha ruwan leda kada ya yar a hanya. 'Yan kasuwa kuma, in kasuwa ta watse a haɗu a share kafin awakin gari su shigo. Ledar da ka yar yau, wataƙila akuyar gidanku ce za ta tsince ta gobe.

A nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.