Jawabin Ƙaddamar da Faifan Farko na Matashin Makaɗin Fiyano a Malanville



Mai girma Magajin Garin Malanville; iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku; malamai, iyaye mata, da 'yan'uwanmu na Gaya da suka ƙetaro kogi saboda wannan taro, sannunku da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci.

Yau faifan farko na ɗanmu ne ya tara mu. Shi ya tsara kiɗan, shi ya rubuta shi a takarda, shi kuma ya kaɗa shi da yatsunsa goma. Na jaddada haka ne domin a yankinmu, da an ce fiyano sai hankali ya tafi ga na'urar situdiyo, wadda ake danna wa maɓalli ta saki gangar da aka riga aka ɗura mata, a ɗora waƙar fim a kai. Wannan ma sana'a ce, tana ciyar da gidaje. Sai dai ɗanmu ya ɗauki hanya mai tsawo: shekaru yana koyon karatun rubutun kiɗa, yana horar da hannun hagu ya yi nasa aiki, na dama ya yi nasa.

A wajajen 1700 ne Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano a birnin Florence na Italiya. Ta yau maɓalli 88 gare ta, kowanne da muryarsa guda, ba ta hawa ba ta sauka. Ga inda wahalar take. Mai kalangu yakan matse tsarkiya a hammata ya ɗaga muryar ganga, ya sassauta ta sauko, har ta kira sunan mutum. Mai goge yakan zame yatsa tsakanin murya da murya. Fiyano ba ta iya ko ɗaya. Duk ɗan Afirka da ya zauna gabanta da niyyar faɗin abin gidansu, sai ya yi kokawa da wannan.

An yi kokawar kafin shi. Akin Euba, haifaffen Legas a 1935, ya yi karatu a Landan, ya dawo ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna cewa za a iya kaɗa fiyano da salon ganguna, har ya rasu a 2020. Joshua Uzoigwe ya bi wannan sawu. Kusa da mu kuwa, a Yamai, akwai Mamman Sani, wanda ya ɗora amon waƙoƙin gargajiyar Nijar a kan oganarsa ƙirar Italiya, ya naɗi kaset a 1978. Rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, yawancin masu ji ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin, duniya ta ji. Shekara 35 ke nan. Ba na son ɗanmu ya jira haka.

Iyaye, na san maganar da ake yi a zaure, cewa ɗan gidan mutunci ba ya kiɗa. Ku tuna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Ku kuma tuna makaɗa nawa suka shuɗe a nan ƙasar Dendi, kiɗansu ya bi su kabari saboda ba wanda ya iya rubuta shi. Yaronku ya iya.

Ɗana, saura kai. Ka je wurin masu goge da kalangu da suka rage, ka zauna ƙasa ka saurara. Abin da ka ɗauko ka rubuta sunan mai shi a kai, in riba ta zo ka kai masa rabonsa.

Ku kuma attajiran kasuwarmu, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Benin, buƙatar ba ta fi ƙarfinku ba. Fiyanon katako ba ta jure hunturunmu da zafin bazara. Ɗaki guda mai wutar sola da fiyanon lantarki masu cikakkun maɓallai sun isa ƙannensa su fara koyo a nan gida, ba sai sun niƙi gari zuwa Kwatano ba.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan faifai. Allah ya sa albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ɗana, bisimilla, taso ka kaɗa mana.