Gudun Safe A Hanyoyin Karkarar Gella

 

An ba mu 'yan mintoci ne mu yi magana a kan wata al'ada da ta shigo tsakanin yaranmu, wato gudun motsa jiki bayan sallar asuba. Da can a bakin kwalta suke yi, ko a filin makaranta. Yanzu kuwa sun gano daɗin fita bayan gari, su nufi kudu wajen Gella, su saki titi su shiga 'yan hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki har gindin duwatsu. To ƙorafi ya fara zuwa daga manoma: an tattake gyaɗa, an karya rake, an firgita mata masu zuwa ɗiban ruwa. Wasu iyaye suka ce a hana gudun baki ɗaya. Mu dai a ganinmu kada a hana, a gyara.

Shi gudu ba abin kunya ba ne. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Mu 'yan kasuwa da muke wuni zaune a rumfa mun ga yadda hawan jini da ciwon suga suke kama mu ɗaya bayan ɗaya, saboda haka yaron da ya tashi yana motsa jikinsa ya fi mu dabara. Ku dubi Abebe Bikila, mutumin Habasha, wanda ya ci tseren kilomita 42 a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, ƙafarsa ko takalmi babu. Zakarun Kenya ma a turbobin ƙasa na garin Iten suke horo, tsakanin gonaki. Ga mu nan a gindin duwatsun Mandara, ga hawa ga gangara, ga rairayin kogin Yadzaram da rani. Abin da wasu suke biyan kuɗi su je nema, mu Allah Ya ajiye mana a ƙofar gida.

Sai dai fa hanyoyin nan da masu su. Ƙafafun mutanen Gude ne suka fitar da su, da matan da ke ɗauko kaya zuwa kasuwa, da shanun Fulani. Sun girmi kwalta, sun kuma girmi iyakar da ke tsakaninmu da Kamaru. Mubi ta zauna ƙarƙashin Jamus, ta koma riƙon amana a hannun Ingila, sai a watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, wannan yanki ya zaɓi Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Duk wannan juyi da aka yi, turbar da ke tsakanin ƙauye da ƙauye tana nan inda take. Ta irin waɗannan hanyoyi kakanninmu fatake suka iso nan da jakunansu. Ba su da ko taki ɗaya na ƙasa a lokacin. Da sallama suka shiga, aka ba su ruwa, aka ba su masauki, daga baya aka ba su wurin kafa rumfa. Sallamar nan ita ce jarinmu na farko a Mubi.

Sannan jama'a, wa ya manta da ranar 29 ga Oktoba, 2014? Ranar da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan, mota ba ta amfani yawancinmu ba. Da ƙafa aka fita, tsofaffi da masu goyo da ɗaliban makarantu, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru. Waɗanda suka san turba sun isa da wuri. Waɗanda ba su sani ba sun yi ta bilinbituwa a daji da ƙishirwa, sai wanda Allah Ya haɗa shi da mutumin ƙauye ya nuna masa hanya. Mutanen ƙauyukan nan sun ba mu ruwa da abinci, ba su tambayi yarenmu ko addininmu ba, alhali su ma suna cikin firgici. Sai cikin watan Nuwamba sojoji da maharba suka ƙwato garin. Allah kada Ya maimaita mana. Amma mun koyi cewa sanin bayan gari dukiya ce. Yaron da ya san inda kowace turba ta ɓulla, ya san inda rijiya take, mutanen wurin kuma suka san fuskarsa da sunan ubansa, wannan yaro abin ajiya ne ga unguwa gaba ɗaya. Shi ya sa ba mu son a hana su fita. Shi ya sa kuma ba za mu yarda su ɓata mana da mutanen da suka rufa mana asiri ba saboda kunyar gyaɗa guda biyu.

To samari, ga abin da muke roƙonku.

Na farko, ku tsaya kan turba. Daga faɗuwar ruwa har a gama girbi, kada wanda ya yanke ta cikin gona don ya rage nisa. In hanya ta ƙuntata, ku bi layi ɗaya. Abin da ke cikin gona, ko rake ne ko ɗanyar masara, ba naku ba ne sai an miƙo muku.

Na biyu, ku bari gari ya waye sosai. Tun bayan abin da ya faru, taron samari da ke gudu cikin duhu abin tsoro ne ga ƙauye, kuma maharba da 'yan banga suna kwana a faɗake. Ku fita ku uku ko huɗu, kowa da katin shaidarsa, gida kuma a san inda kuka nufa. Kada ku yi nisa wajen Kwaja ko Sahuda, don can iyaka ce, kuma jandarma ba ya jin cewa motsa jiki ya kawo ka.

Na uku, haƙƙin hanya kamar yadda aka karantar da mu: runtse ido, kau da cuta, amsa sallama. In kun haɗu da dattijo ko mace da kaya a ka, ku sassauta ku raɓe, ku gaisar. Ko “a waali jam” kaɗai kuka iya da Fillanci, ku faɗa. Ku sa tufafin da suka rufe jiki. In kun ci karo da garke, ku tsaya ya wuce, kada ku ratsa shi a guje. Maƙabarta da wuraren da mutanen gari suke girmamawa, ku kewaye su, ko da ba ku san dalilin ba.

Na huɗu, ku ji tsoron ruwa da ciyawa. Da damina ruwa yakan sauka a kan dutse alhali nan ƙasa ana rana, sai ka ga rafin da ka tsallake ƙafa a bushe ya cika kafin ka juyo. Kada a shiga. Lokacin girbi kuma macizai suna yawo, a sa takalmi, a duba inda ake taka ƙafa. Hunturu shi ne lokacin da ya fi dacewa da nisa, gonaki sun zama fili, rafuka sun janye.

Mu ma iyaye da namu aikin. Muna ba shugabanni shawara a tashi dattawa uku ko huɗu, a tafi da goro, a gai da jauro da masu unguwannin da yaran nan suke ratsawa. A ba da haƙuri kan abin da ya riga ya faru, wanda aka yi wa ɓarna a biya shi daga asusun ƙungiya. A roƙe su su nuna mana da bakinsu hanyar da suka yarda a bi da wadda ba su yarda ba. In da hali, samarinsu su shiga cikin namu a yi gudun tare, don ɗan gari shi ya san inda ƙaya take. Mu fara wannan kafin ruwan bana ya sauka.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya da maƙwabtanmu, Ya shirya mana zuri'a.