Me ya sa ake ajiye Nginx a gaban manhaja?

Yau maganata da ku ce, matasan Tambuwal da Kebbe masu gina shafin rajistar makaranta ko na ƙungiyar manoma. Ka rubuta manhajarka da Django ko Flask, ka kunna ta da Gunicorn, tana sauraro a ƙofa mai lamba 8000. To, shawarata ita ce kar ka buɗe wannan ƙofar ga kowa. Sa Nginx a gaba.

Nginx ɗin nan Igor Sysoev ɗan Rasha ne ya fitar da shi a 2004. Aikinsa ya tsaya a ƙofa ta 80 da ta 443, ya karɓi buƙatar mai ziyara, ya miƙa wa manhajarka, ya dawo da amsa.

Me ya sa abin ya shafe mu sosai? Sabis. Ka ɗauka mutum yana Kuchi ko Dogon Daji, sabis ɗinsa sanda ɗaya, yana tura fom a hankali. Ma'aikacin Gunicorn na yau da kullum mutum ɗaya yake yi wa hidima a lokaci guda, saboda haka sauran jama'a sai su yi ta jira. Nginx kuwa tattara saƙon yake yi ya cika tukuna, sannan ya miƙa shi a tashi ɗaya. Ka ga ba wanda ya tare wa wani hanya.

Yanzu saitin. A cikin location / sai ka rubuta:

proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
proxy_set_header Host $host;
proxy_set_header X-Forwarded-For $proxy_add_x_forwarded_for;
proxy_set_header X-Forwarded-Proto $scheme;

Layin farko shi ke nuna inda manhajar take. Sauran ukun su ke sanar da ita sunan shafin, da adireshin mai ziyara, da ko ta https ya shigo. In babu su, kowa zai zo mata a matsayin 127.0.0.1.

Ga kuma inda nake so ku buɗe kunne. In ba ka canza ba, Nginx ba ya karɓar abin da ya wuce megabait 1, hoton waya kuwa yakan fi haka. Uba ya ƙona data yana ɗora hoton sakamakon ɗansa, sai ya ga 413, rajista kuma ana dab da rufewa. Ƙara client_max_body_size 10m. Magana ta ƙare.

In ka ga 502, galibi manhajar ce ta mutu ko lambar ƙofa ba daidai ba. In 504 ne, ta wuce daƙiƙa 60 ba ta amsa ba.

Kafin ka saki gyara, buga nginx -t ya duba maka kuskure, sannan systemctl reload nginx. Takardar https kuma Let's Encrypt na bayarwa kyauta ta Certbot.

Wanda ya maƙale ya turo mini lambar kuskuren da ya gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.